Daga Jakadanci zuwa Fadar Shugaban Ƙasa: Ibrahim Bare Mainasara, 1986-1999

Gabatarwa

Galibin masu nazarin tarihin Janar Ibrahim Bare Mainasara, ɗan asalin Dumega a ƙasar Arewa, sun fi mai da hankali a kan juyin mulkin 1996 da kisan 1999. A wannan maƙala za mu duba wani zango da ba a cika tattaunawa ba, wato shekarun da ya yi yana wakiltar Nijar a ƙetare. Ra'ayinmu shi ne, waɗannan shekaru ne suka share masa hanyar mulki, su ne kuma suka nisanta shi da siyasar cikin gida.

Soja a cikin rigar jakada

An haifi Bare a 1949. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974 ya zama dogarin Seyni Kunce, daga baya kuma ya shugabanci rundunar tsaron fadar shugaban ƙasa. A 1986 aka tura shi Paris a matsayin jami'in soja na ofishin jakadanci. Bayan ɗan lokaci yana ministan lafiya, gwamnatin Ali Saibu ta naɗa shi jakada a Faransa a 1988, sannan a Aljeriya daga 1990 zuwa 1992.

Ya kamata mu lura da abin da ya faru a gida a wannan tsakani. A 9 ga Fabrairu 1990 aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai, a watan Mayu kuma aka yi rikicin Cintabaraden. Babban Taron Ƙasa na 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ya tuhumi hafsoshi da dama. Bare yana waje, saboda haka ya dawo sunansa bai ɓaci ba. A Aljeriya kuwa, a zamanin aikinsa ne soja suka katse zaɓe a Janairu 1992.

Dawowa gida

Da dawowarsa ya zama mashawarcin firaminista Amadu Shefu a kan tsaro, sannan babban hafsa na musamman ga Shugaba Mahaman Usman. A Maris 1995 aka ba shi shugabancin rundunar sojan ƙasa, a daidai lokacin da ake zaman doya da manja tsakanin shugaban ƙasa da firaminista Hama Amadu. A 27 ga Janairu 1996 ya kifar da Jamhuriya ta Uku.

A nan ne sanin waje ya yi masa rana. Faransa ta maido da agajinta cikin 'yan watanni, kuma a 1996 ɗin aka cim ma yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Haka nan a babban birnin Aljeriya, inda ya taɓa zama jakada, aka sa hannu a yarjejeniyar sulhu ta Nuwamba 1997 da sauran 'yan tawayen arewacin ƙasar.

Amma a gida lamarin ya sha bamban. A zaɓen 7 da 8 ga Yuli 1996 ya rusa hukumar zaɓe ta CENI ana tsaka da aiki, aka tsare abokan takararsa a gidajensu, aka ba shi kashi 52 cikin 100. Jam'iyyun adawa suka ƙaurace wa zaɓen majalisa na Nuwamba. Jam'iyyarsa ta RDP-Jama'a ba ta cike wannan giɓi ba, ga bashin albashi da boren sojoji. Rigimar zaɓen ƙananan hukumomi na Fabrairu 1999 ta ƙara dagula al'amura.

Kammalawa

A 9 ga Afrilu 1999 masu tsaronsa suka harbe shi a filin jirgin sama na Yamai, Dauda Malam Wanke ya karɓi mulki. An yi jana'izarsa a Dumega. Tsarin mulkin 1999 ya yi afuwa ga masu juyin mulkin 1996 da na 1999, sai a 2015 kotun CEDEAO ta umarci Nijar da ta biya iyalinsa diyya.

Abin da muka fahimta shi ne, jakadanci ya koya wa Bare yadda ake samun amincewar manyan ƙasashe, amma bai halarci zauren da 'yan Nijar suka shata sababbin ƙa'idojin siyasarsu a 1991 ba. Wannan tazara ta cancanci ƙarin bincike, musamman ta hanyar hira da dattawan Arewa da suka yi zamani da shi.