Yadda ake auna adalci a sufurin birane

Nisan gidan mutum daga tashar mota shi ne ma'aunin da aka fi amfani da shi wajen sanin ko mazauna birni suna samun daidaito a harkar sufuri, to amma shi kaɗai bai wadatar ba.

A shekarar 2015 ne ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da muradun ci gaba mai ɗorewa, ciki har da samar wa kowa sufuri mai sauƙin kuɗi kafin 2030.

A ma'aunin majalisar, mutum yana da sufuri kusa idan tafiyar ƙafa zuwa tashar bas ba ta wuce mita 500 ba, ko kilomita 1 zuwa tashar jirgin ƙasa.

Rahoton majalisar na 2020 ya nuna cewa kusan rabin mazauna biranen duniya ne kawai suka cika wannan sharaɗi.

Ma'aunin Landan

Hukumar sufurin birnin Landan ta faɗaɗa lissafin da wani tsari mai suna PTAL, wanda ke haɗa tafiyar ƙafa da tsawon jiran mota, sannan ya ba kowane wuri maki daga 0 zuwa 6b.

Sai dai tsarin bai kula da inda motocin ke zuwa ba, ko kuɗin da fasinja ke biya.

Ke nan unguwa na iya samun maki mai kyau, alhali talakan cikinta sai ya sauya mota sau biyu kafin ya isa wurin aiki ko asibiti.

Wannan ne ya sa masana ke ƙidaya wuraren aiki da makarantu da asibitocin da mutum zai iya kai wa cikin awa guda, da kuma kason albashinsa da ke tafiya a kuɗin mota, kana su kwatanta masu hali da marasa hali, maza da mata, masu lafiya da naƙasassu.

Irin wannan tunani ne ya yi aiki a birnin Medellin na ƙasar Kolombiya, inda a 2004 aka buɗe layin motocin da ke tafiya a rataye jikin waya, wanda ya haɗa unguwannin talakawa na kan duwatsu da jirgin ƙasan birnin, ya kuma rage musu tsawon tafiya zuwa aiki.