Me Ya Sa Na'ura Ke Ƙin Yatsan Tsoho?

In ka taɓa raka tsoho banki ko wurin rajistar katin ɗan ƙasa, ka san abin da nake nufi. Ya ɗora babban yatsa a kan gilashi, na'ura ta ƙi. Ma'aikaci ya ce, "Baba, ɗan goga shi a goshinka." Ya goga, ya sake ɗorawa, shiru. 'Yan layi su fara tsaki. Ni na ga haka da kakata, har ta tambaye ni ko hannunta ne ya mutu.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, 'yan fansho na cikin mutanen farko da wata gwamnati ta ɗauki zanen yatsunsu. A 1858 wani jami'in mulkin mallaka na Ingila a yankin Bengal na Indiya, William Herschel, ya sa wani ɗan kwangila ya dangwala tafin hannunsa a takardar yarjejeniya don kada ya musanta daga baya. Da ya zama majistare a Hugli, a 1877 sai ya fara ɗaukar yatsun masu karɓar fansho, domin yana zargin wasu na ci gaba da karɓar kuɗin mutanen da suka riga mu gidan gaskiya. Wato tun farko tambayar ita ce: tsohon nan yana raye kuwa, kuma shi ɗin ne?

Duk tsarin ya dogara ne a kan cewa zanen yatsa ba ya sauyawa. Herschel ya riƙa dangwala nasa yana ajiyewa shekaru da dama, Francis Galton kuma ya kafa hujja da irin waɗannan samfura a littafinsa na 1892. Sun yi gaskiya. Zanen yana samuwa tun kana cikin mahaifiyarka, kuma fasalinsa ɗaya har ƙarshen rayuwa.

Amma fasali daban, fatar da ke ɗauke da shi daban. Idan shekaru suka ja, fata na rasa kolajin, furotin ɗin da ke ba ta ƙarfi, sai ta yi sirara, ta saki. Gumi da maiƙo su ragu, ta bushe. Tudun zanen ya kwanta, tamoji kuma ya ratsa shi. Ƙara da shekara hamsin na riƙon fartanya ko wanki da omo. Na'urar da ke aiki da haske tana gane zane ne inda tudun ya manne da gilashi sosai, busasshen yatsa kuwa ba ya mannewa. Sirrin goga goshi ke nan: maiƙo ake nema. A zamanin tawada ɗan Adam ne ke duba takarda, ya kalli fuskar tsohon, ya yanke hukunci. Yanzu manhaja ce ke ba da maki, in bai kai ba, ba ta jin magiya.

Indiya ce ta sake zama wurin gwaji. Shirin Aadhaar ya ba da lambar farko a 2010, ya tattara yatsu da ƙwayar idon mutum sama da biliyan ɗaya, a 2014 kuma aka ƙaddamar da Jeevan Pramaan don ɗan fansho ya tabbatar yana raye ba sai ya je ofis ba. Shekarar ce Babban Bankin Najeriya ya kawo BVN. Daga baya hukumar fansho ta PTAD ta fito da tsarin "I Am Alive", wanda ke karɓar hoton fuska.

Ba na raina wannan ci gaba. Duk wanda ya ga tsofaffi kwance a tabarma suna jiran tantancewa ya san darajar yin ta daga ɗaki. Sai dai tantance fuska na bukatar waya mai kyamara, data, da idon da ke iya karanta ƙananan rubutu. Don haka jika ne ke riƙe wayar, sau da yawa shi ya san lambar sirrin. Herschel ya kawo yatsa don ya raba wasu da kuɗin tsoho, yau tsohon ba ya kaiwa ga kuɗinsa sai ta hannun wani.

Kakata dai sai da aka gwada yatsa na huɗu, bayan ta murza hannuwanta sun yi ɗumi an ɗan shafa mata basilin.