fsck

fsck manhaja ce da ake sarrafawa ta hanyar rubuta umarni. Aikinta shi ne duba tsarin ajiyar fayiloli a faifan kwamfuta da gyara abin da ya lalace. Daga gidan Unix ta fito, kuma har yau Linux da macOS suna amfani da ita. Takwararta a Windows ita ce chkdsk.

Sau da yawa ɗauke wuta ne ke jawo ɓarnar: kwamfuta na tsaka da rubutu sai ta mutu, lissafin faifan ya dagule. A tsarin ajiyar fayiloli na ext4, manhajar e2fsck ce ke karɓar aikin, tana bin faifan a matakai 5. Fayil ɗin da ta tarar ba shi da mazauni sai ta ajiye shi a jakar lost+found. Sunansa ya tafi, lamba kaɗai ta rage, sai mai shi ya yi ta buɗewa ɗaya bayan ɗaya kafin ya gane nasa.

Da alamar -n, dubawa kawai fsck take yi. Alamar -y kuwa amincewa ce da kowane gyara ido rufe, kuma tana iya cin bayanai. Ba a gyara faifan da ke kan aiki, sai an sauke shi da umarnin umount tukuna.