Bindigar Kaka: Me Ya Sa Tsohon Makamin Soja Bai Zama Kayan Gwanjo a Kano Ba

Kwanakin baya, ana cikin rabon gadon wani dattijo a unguwarmu ta Ƙauyen Alu, magada suka ci karo da wani abu a naɗe cikin buhu, a bayan adakar mamacin. Da aka warware sai ga doguwar bindiga, ƙotarta ta katako ta tsage, tsatsa ta ci bakinta, babu gidan harsashi a jikinta. Ɗaya daga cikin jikokin, injiniya ne, ya ce shi ba ya son komai a gadon sai ita. Ya daɗe yana kallon Amurkawa a YouTube suna sayen irinta, su wanke, su nemo abin da ya ɓace, su tafi filin harbi. Tambayarsa gare ni ita ce: ina zai samo kayan gyaranta? Amsar gajera ce, amma dalilinta ya kai shekara ɗari da talatin.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a Kano. Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, aka kawo bindigogi daga Nufe, kuma Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Waɗannan bindigogi ta baki ake ɗura su: a zuba albarushi, a bi da dalma, a daka da sandar ƙarfe. Kafin a sake ɗuri, mai doki ya iso. Shi ya sa ake mata kirari da harbi-ka-ruga. Doki da mashi da baka suka ci gaba da zama ƙashin bayan runduna. Wanda ya ɗauki bindiga da muhimmanci a yankin nan shi ne Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya riƙa sayo ta ta hanyar Tarabulus, har aka ƙera masa igwa a Damagaram. Kanawa sun ɗanɗana zafin wannan tanadi a ƙarshen shekarun 1890, lokacin da Damagarawa suka kawo wa Sarki Alu yaƙi.

A daidai wannan lokaci Turai tana sauya makamanta. Duk sanda rundunoninta suka karɓi sabuwar bindiga mai cin harsashi ta baya, sai tsofaffin su faɗa hannun 'yan kasuwa, da yawa su nufo Afirka. Masu shirin mamaye nahiyar suka ga haɗarin haka. A Yarjejeniyar Birasel ta 1890 suka hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani tsakanin layi na 20 arewa da layi na 22 kudu, aka bar musu masu ƙyastu da albarushin kasuwa kawai. Kano tana wajen layi na 12, wato cikin yankin da aka killace.

Sakamakon ya bayyana a 1903. Ranar 3 ga Fabrairu, Kanar Morland ya ci Kano da sojoji ɗari bakwai da 'yan kai, da igwa huɗu da bindigogin Maxim huɗu, alhali Sarki Alu yana hanyar Sakkwato. Makonni kaɗan bayan haka, a Kwatarkwashi, dawakin Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi ta afka wa ayarin da bai kai mutum hamsin ba, suka kasa fasa shi, Waziri kuma ya rasu a fagen. Ba jarumta aka rasa ba. Ɓangare ɗaya yana harbi sau da yawa kafin ɗayan ya gama ɗuri. Darasin da masu mulkin mallaka suka riƙe shi ne: adaka ta talaka, bindigar harsashi ta hukuma.

Bindigar da aka samu a gidan dattijon, bisa rubutun da ke jikinta, Lee-Enfield ce mai lamba 4, wadda mutanenmu suka sani da mak-fo. Sojan Ingila ya karɓi kakarta a 1895, samfurin lamba 4 kuma a 1941. Tana ɗaukar harsashi goma na awon .303, kuma ana jan sakatarta da hannu bayan kowane harbi. Irin wannan bindiga mazan jiya suka riƙe a yaƙin Bama, cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, a 1944 da 1945. Sunayen barikin Arakan da Myohaung a Legas, da na Chindit a Zariya, duk daga can suka samo asali. Amma sojan da aka sallama ya dawo gida da lambobin yabo ne, bindiga kuwa ta koma ma'ajiya. 'Yan sanda sun ci gaba da rataya ta shekaru da yawa bayan samun 'yancin kai.

A wasu ƙasashe labarin ya bi wata hanya. An ƙera miliyoyin bindigar Lee-Enfield a Ingila da Kanada da Amurka da Ostireliya da Indiya. Da Ingila ta fara maye gurbinta a 1957, sai dillalai suka kwashi rarar suka kai Amurka, inda ake aika kuɗi ta gidan waya a kawo wa mutum har ƙofar gida. Da tsohuwar bindigar sojan Italiya da aka saya ta wannan hanya aka kashe Shugaba Kennedy a 1963, kuma dokar 1968 ta rufe wannan ƙofa. Duk da haka kasuwar ta rayu, domin kayan gyara sun yi yawa. Alal misali, kan sakatar lamba 4 an yi shi girma huɗu, daga 0 zuwa 3, domin maƙerin soja ya sauya shi idan tazarar da ke bayan harsashi ta buɗe. Mai sha'awa a can yana da ma'auni, da kanti, da doka a bayansa.

Jikan dattijo ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun. Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Na farko haramtattu, waɗanda sai da lasin Shugaban Ƙasa, kuma ta ambaci bindigar soja mai awon .303 ƙarara a cikinsu. Na biyu na amfanin kai, kamar bindigar farauta, da ke ƙarƙashin Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku masu ɗuri ta baki, da ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Duk wanda ya dubi wannan rabo zai ga inuwar Birasel. Gyaran ma sai da izini, kuma hukuncin mallakar haramtacciya ɗauri ne da bai gaza shekara goma ba. Tsatsa ba ta fitar da ita daga jerin, gado ma haka.

Akwai kuma haɗarin jiki. Tsofaffin harsasan soja suna barin gishiri mai cin ƙarfe a cikin bututu, don haka bindigar da ta kwana shekaru ba a wanke ba tana iya fashewa a fuskar mai ita. Sassan da maƙeri ya kwaikwaya da ido sun dace da adaka mai albarushi, ba da ƙarfin harsashin soja ba.

Abin da ya rage mana na wasan bindiga shi ne wanda dokar ta bari. Ranar hawan Sallah, 'yan bindigar Sarki suna cika gari da ƙara da hayaƙi, maharba kuma har yau wurin maƙera suke kai gyara. Abin takaici, wannan suna da Babba Zaki ya girmama, yau idan aka ambace shi a rediyo masu satar mutane ake nufi. A irin wannan zamani babu jami'in da zai kalli mak-fo a gidan mutum ya ce kayan tarihi ne.

Shawarar da na ba injiniyan ita ce ya ɗauki hotonta, ya rubuta lambobin jikinta da duk abin da tsofaffin gidan suka tuna, sannan iyalin su nemi lauya ya raka su su miƙa ta ga 'yan sanda, a ba su takardar shaida. Suna iya roƙon a lalata ƙarfinta a ajiye ta a wuri irin Gidan Makama. Ya yi shiru, sannan ya tambaya ko ƙotar katakon ma sai an bayar. Na ce masa wannan ma a bar lauya ya tambayo.