Jak da Sifana a But ɗin Fijo: Tarihin da Ke Ƙarƙashin Kaya

Maƙalarmu ta wannan mako za ta leƙa but ɗin mota ne, wurin da alƙalumanmu ba su cika shiga ba.

Duk wanda ya tsaya a shataletalen Gawon Nama a Sakkwato, kusa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, zai ga motocin da suka kawo marasa lafiya daga Illela, Argungu ko Gusau. A yau mafi yawansu 'yan Kwatano ne. Amma a shekarun 1980 Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, ita ce sarauniyar waɗannan hanyoyi.

An fito da 504 a Faransa a 1968. A 1975 aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna, ba da jimawa ba kuma gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta mai da 504 motar manyan jami'anta. Sunanta ya ƙara fita a tseren Safari na Kenya: Ove Andersson ya lashe shi da 504 a 1975, Jean-Pierre Nicolas kuma ya sake lashewa a 1978 da samfurinta na tsere mai ƙofa biyu. A irin wannan tsere, idan taya ta fashe a daji, direba da abokinsa ne ke canza ta, don haka kowane ƙarfe yana da mazauninsa, a ɗaure.

Direbobinmu ba su yi tsere ba, amma hanya ta koya musu darasi iri ɗaya. Kafin zuwan wayar salula a 2001, wanda motarsa ta tsaya tsakanin Talata Mafara da Tureta ba shi da bakaniken da zai kira. Bakanikensa yana cikin but. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, kwalta kan gasa taya, kuma tayoyin lokacin masu tub ne, ƙusa ɗaya ta isa ta sace iskar nan take.

Saboda haka jera kaya ya zama ilimi. Masu ƙera 504 sun rataye safaya a ƙarƙashin but, ta waje, yadda za a sauko da ita ba tare da an kwashe buhunan fasinja duka ba. Sauran aikin na direba ne. Jak da sifanar taya sukan zauna a gefe, inda hannu zai kai ko da an cika but da kaya. Akan naɗe sukudireba, filaya da ƙananan sifanu a tsumma ko tsohon buhu don kada su yi ta ƙara, ko su fasa galan ɗin ruwan lagireto. Akan ƙara fanbel da fulogi na ko-ta-kwana, da weji na tare taya. Sai guntun katako, wanda littafin kamfani bai ambata ba: a ƙasa mai rairayi irin tamu jak nutsewa yake yi in ba a shimfiɗa masa katako ba, motar kuma tana iya faɗowa kan hannun mai gyara.

Ba kowace mota ce ke da wannan tsari ba. Volkswagen Beetle, wadda aka riƙa haɗawa a Legas tun 1975, injinta a baya yake, but da safaya a gaba. Marubucin da ya sa jaruminsa ya zagaya bayan Beetle ya ɗauko jaka, ko ya tono safayar 504 daga ƙarƙashin akwatuna, ya rasa amincewar duk tsohon direban da ya karanta shi.

Daga baya abubuwa sun sauya. Faɗuwar darajar naira bayan shirin SAP na 1986 ta sa sabuwar Fijo ta gagari ma'aikaci, tsofaffin motocin Turai suka cika kasuwa, wasu da 'yar siririyar safaya da ba a yi ta don doguwar tafiya ba. A 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda jami'anta ke neman ganin safaya, abin kashe gobara da alamar gargaɗi mai kusurwa uku. Abin da dā hanya ke tilasta wa direba, yanzu tsoron tara ne ke sa wasu ɗaukarsa. Shi ya sa ake samun safaya ba iska, ko jak ba hannu, sai an tsaya da mai naƙuda a mota sannan a gane.

Direbobin da suka san wancan tsari suna tsufa, kuma ba su rubuta komai ba. Aikinmu na wannan mako shi ne kowa ya nemi tsohon direba, bakanike ko mai faci a unguwarsu, ya tambaye shi abin da yake ajiyewa a but, a ina, kuma don me. Mu rubuta da sunayen da shi yake kiran kayan, mu kawo nan kafin Juma'a. Allah ya kiyaye hanya.