Lakurawa da Ƙofar da Rikicin Zamfara ya Buɗe Musu

Lakurawa ƙungiya ce ta masu ɗauke da makamai masu iƙirarin jihadi, wadda mayaƙanta na farko suka shigo Najeriya daga Mali da Nijar. Masana da dama na ganin sunan ya samo asali ne daga kalmar Faransanci mai nufin sababbin ɗauka a aikin soja, bakin Bahaushe ya lanƙwasa ta. Sansanoninsu na farko suna dazukan Tangaza da Gudu a jihar Sakkwato, amma tarihin zuwansu yana da saiwa a Zamfara.

Bayan faɗuwar Gaddafi a Libiya a 2011, makamai sun malalo zuwa yankin Sahel. A 2012 yaƙi ya ɓarke a arewacin Mali, ya kuma haifar da ƙungiyoyin da suka saba tsallaka iyaka suna yaƙi a ƙasar da ba tasu ba. A daidai wannan lokaci ne satar shanu da ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da makiyaya suka fara zama yaƙi a Zamfara.

Talata Mafara da Bakura da Maradun suna cikin wuraren da suka fi ɗanɗana wannan masifa, duk da cewa kowacce ta fitar da gwamna: Ahmad Sani Yariman Bakura, wanda ya ƙaddamar da shari'a a 1999, da Abdul'aziz Yari na Mafara, da Bello Matawalle na Maradun. Ƙasa ce ta noman rani a gefen madatsar Bakolori, mai dazuka irin su Sububu da Bayan Ruwa, inda 'yan bindiga suka yi kaka-gida. A shekarar 2021 kaɗai an sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a watan Fabrairu, an kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a Agusta, sannan aka kwashe ɗalibai 73 a Kaya ta Maradun a farkon Satumba. Jagoran 'yan bindiga Halilu Sububu, wanda sojoji suka kashe a Satumban 2024, ya yi ƙaurin suna wajen safarar bindigogi daga Sahel. Sai dai waɗannan 'yan bindiga kuɗin fansa da shanu da zinare suke bi, ba su da wata aƙida da suke kira zuwa gare ta.

Tun wajajen 2017 ɓarnarsu ta riga ta tsallaka zuwa ƙauyukan Sakkwato na kan iyaka. Jami'an tsaro sun yi nisa, shanu na ta tafiya, sai wasu shugabannin al'umma a Tangaza da Gudu suka nemi taimakon baƙi masu bindiga, wato Lakurawa. Da farko sun yi abin da aka kira su dominsa: sun kori ɓarayin daji, sun ƙwato dabbobi. Daga nan suka fara wa'azi a masallatai, suna karɓar abin da suka kira zakka a kan garken shanu, suna hana kiɗa, suna yi wa matasa bulala saboda aski ko sauraron waƙa a waya. Sun yi aure a cikin jama'a, sun ja matasa da kuɗi. Wanda ya ƙi ba da zakkar, garkensa gaba ɗaya ake korawa. Abin takaici shi ne talakan da ya nemi mai gadi ya wayi gari da mai mulki a ƙofar gidansa.

A ƙarshen 2018 mazauna yankin sun kai ƙara, amma 'yan sandan jihar suka ce makiyaya ne da suka zo neman ruwa da ciyawa. Wannan sakaci ya ba ƙungiyar shekaru na kafuwa. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 ya ƙara musu sarari, domin sintirin haɗin gwiwa a kan iyaka ya yi rauni bayan dangantaka ta yi tsami tsakanin Abuja da Yamai. Game da uwar ƙungiyarsu kuwa, masu bincike sun rabu: wasu na danganta su da reshen IS na Sahel, wasu da JNIM mai biyayya ga Alƙa'ida.

Sai a Nuwamban 2024 hedikwatar tsaron Najeriya ta fito ta ambaci sunansu. Cikin 'yan kwanaki suka kashe mutum 15 a garin Mera na ƙaramar hukumar Augie a Kebbi, bayan mutanen gari sun bi sawun shanunsu da aka sace. A Janairun 2025 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana Lakurawa a matsayin ƙungiyar ta'addanci, ta haramta shiga cikinta ko taimaka mata a ko'ina cikin ƙasar.