Bariki, Tunjere da Allurar Abalaka

Duk ranar 1 ga Disamba, ranar yaƙi da ƙanjamau ta duniya, sai a yi ta jawabi kamar jiya aka fara wannan fama. A ƙasar Zuru, inda da wuya ka shiga unguwa ba ka tarar da tsohon soja ba, an san labarin ya girmi haka.

Tun zamanin Turawa Dakarkari, mutanen wannan ƙasa, ke shiga soja, kuma tun lokacin likitocin mulkin mallaka ke kuka da yawan tunjere da ciwon sanyi a barikoki. Dabararsu ita ce tilas. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, suka kafa dokar hana yaɗuwar waɗannan cututtuka, aka riƙa farautar mata masu zaman kansu, musamman a Ikko, sai ka ce su kaɗai ke ɗauke da ciwon. Allurar fenisilin da ta wadata bayan yaƙin ce ta karya lagon tunjere, ba kulkin ɗan sanda ba.

Ƙanjamau kuwa da ta bayyana a Najeriya a 1986, babu allurar da ke kashe ta. Dakarunmu suka tafi Laberiya a 1990, daga baya Saliyo, wasu suka dawo da ita. Ana cikin wannan ruɗani ne wani likitan fiɗa a Gwagwalada, Dakta Jeremiah Abalaka, ya ce ya haɗa allura daga jinin masu cutar, tana rigakafi, tana kuma warkarwa. Jama'a suka yi masa tururuwa, har da sojoji. Hafsan sojojin ƙasa na lokacin, Janar Victor Malu, wanda ya gaji Janar Ishaya Bamaiyi ɗan Zuru a kujerar, ya fito fili ya ce maganin ya yi wa yaransa aiki. Wa zai musa wa janar?

A 2000 gwamnatin Obasanjo ta hana amfani da allurar. Har yau akwai masu rantsuwa cewa kamfanonin magani na Turai ne suka yi wa baƙar fata baƙin ciki. Zancen na da daɗin ji a majalisa, amma ni ban yarda da shi ba. Mai magani na gaskiya ba ya gudun a gwada shi a idon sauran likitoci, kuma irin wannan gwaji bai taɓa tabbatar da cewa allurar ta raba wani da ƙwayar cutar ba. Wanda ya ji sauƙin jiki na wata biyu, bai warke ba.

Abin da ya biyo baya ba shi da armashin labari. A 2002 gwamnati ta fara sayar da maganin rage kaifin cutar da rangwame, a 2006 ya koma kyauta. Binciken ƙasa na 2018 ya samu masu ɗauke da ita kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49. A 2024 Kano ta wajabta gwajin jini kafin ɗaurin aure.